Bazazzagi Da Kwalbar Okten

Zuwa ga bawana na Tudun Wadan Zariya,

Gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kuma Hajiya Babba, wato Fijo 504 wagon ɗin nan taka da ta girmi duk 'ya'yan gidanka? Allah ya ƙara mata numfashi.

Labari ya iso Kano cewa ka ɓullo da sabon ilimi. An ce tun da ɗan ƙanwarka da ke karatu a Amurka ya turo maka hoton famfon gidan mai mai maɓalli uku, 87 da 89 da 93, barci ya ƙaurace wa idonka. Ka zauna ka yi nazari irin naku na Zagezagi, ka yanke hukunci cewa Hajiya Babba ba ta da laifi a zuƙar man da take yi, fetur ɗin ƙasarmu ne ba shi da okten. Yanzu duk shan mai sai ka zaro wata 'yar kwalba mai hoton motar tsere ka tsiyaya a tanki, ka rufe, ka dubi yaron gidan mai ka ce masa kimiyya ce.

Ikon Allah! Garin da yake da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, a ce an rasa mai ja maka kunne sai Bakano ɗan kasuwa. To, gyara zama. Karatun yau kyauta ne, abin da ba a saba ji daga bakin Bakano ba.

A cikin injinka, fistin yana hawa ya matse iska da fetur a silinda, fulogi ya ba da wuta, wutar ta bi cakuɗen ta cinye shi a tsanake, ta tura fistin ƙasa. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin fetur ɗin, ragowar da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa kafin lokacinsa. Wannan ce ƙwanƙwasa, ƙarar da kake ji in ka taka totur a hawa, kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Lambar okten awo ce ta haƙurin fetur da wannan matsin, ba ta wuce nan ba. Wani masanin sinadarai, Graham Edgar, ya kafa sikelin a shekarun 1920: ya ɗauki sinadari mai jure matsi ya ba shi maki 100, ya ɗauki mai saurin fashewa ya ba shi sifili, ake gwada kowane fetur a tsakaninsu.

Ka lura, ban ambaci ƙarfi ko nisan tafiya ba. Litar mai lamba 98 da ta mai lamba 91 kusan makamashi ɗaya suke ɗauke da shi. In kana son hujja, dubi itanol da ake tatsowa daga rake da masara: oktensa ya haura 100, amma makamashinsa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa motar da ke shan sa take saurin ƙarar da tanki. Injin da aka ƙera da matsi mai yawa, ko mai tabo, shi ne yake cin moriyar babbar lamba. Injin da bai taɓa ƙwanƙwasa da man da ake ba shi ba, ko ka ƙara masa lamba goma, kilomita ɗaya ba zai ƙara maka ba.

Kada ka ji kunya da yawa, kana da 'yan'uwa a can inda hoton ya fito. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin da aka ƙera don ƙaramin mai, ta ba su babba, ba ta ga wani ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai na a zo a gani ba. Ta lissafa cewa direbobin ƙasar sun zubar da dala biliyan 2.1 cikin shekara ɗaya a wannan hanya. Da na ji adadin sai na ce lallai akwai Zagezagi da yawa a Amurka.

Su ma lambobin da suka hana ka barci, ba ka karanta su daidai ba. Awo biyu ake yi wa fetur. Turai da yawancin duniya, har da mu, lambar awo na farko ake faɗa, wadda ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba gida biyu, sai lambarsu ta fito ƙasa da maki huɗu zuwa shida. Wato 87 ɗin Amurka shi ne wajen 91 a lissafinmu, 93 ɗinsu kuma wajen 98. Duk mai tsohuwar Camry ko Accord 'yar Kwatano da littafinta ya ce 87, to ƙaramin mai ake nufi, ya kwantar da hankalinsa. Mu nan ma an hutar da mu zaɓe: ka je kowane gidan mai daga Kwangila har Unguwa Uku, fetur iri ɗaya ne a famfo.

Ita kuma Hajiya Babba ai 'yar gida ce. A Faransa aka fito da 504 a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, amma a Kaduna, ƙofar gidanku, aka yi ta haɗa ta tun daga tsakiyar shekarun 1970 har bayan shekarar 2000. Man matatar Kaduna ta sha ta girma. Yau da tsufanta za ka ce sai na Amurka? Sai ka ji tsoron Allah.

Kwalbar nan taka ma ka duba rubutun jikinta da tabarau. Da yawansu in sun ce suna ƙara maki kaza, kowane maki kashi ɗaya ne cikin goma na lamba ɗaya. Maki biyar ke nan daga 91 zuwa 91.5. Wasu kuma suna ɗauke da sinadarin manganis, wanda yake barin jan datti a bakin fulogi. Ka biya kuɗi ka sayi rabin lamba, an yi maka gyara da canjin fulogi. Kuma tun da na san halinka, bari in riga ka: kada ka doshi kwalejin jiragen sama da jarka. Man ƙananan jirage masu farfela yana da lamba 100, amma akwai dalma a cikinsa, gubar da duniya ta yi shekaru tana yaƙi da ita har Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da fetur mai dalma a 2021. Man manyan jirage kuwa ɗan'uwan kananzir ne. Ka zuba shi ka gani, a Ƙofar Doka za mu zo mu yi maka jaje.

Ban ce okten ba shi da rana ba. Mai tsohuwar Marsandi ko BMW ko Volvo mai tabo da littafinta ya ce 95, wannan maganarsa daban. Motocin da suka zo daga baya suna da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa, ta jinkirta wutar fulogi don kare inji, sai ƙarfi ya ɗan ragu, mai ya ɗan ƙara tafiya. Taka mai kafireto ba ta da wannan kunnen, kunnenka ne nata. In ka ji tana ƙwanƙwasa, kada ka ƙara wa rediyo murya, don ƙwanƙwasa mai tsanani tana iya huda fistin. Sai dai kafin ka zargi fetur, a duba taimin ko an kai shi gaba da yawa, a duba lagireto ko inji yana zafi, a duba ko baƙin datti ya taru a kan fistin, don tsohon inji yakan tara shi har matsi ya ƙaru. Sannan ka tuna a ina ka sha mai. Galan ɗin ɗan bumburutu da aka surka da kananzir ya fi komai karya okten.

Yanzu bari in lissafo maka ɓarayin manka, tun da dukkansu a gidanka suke kwana.

Na farko tayoyinka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce iskar taya daidai tana iya rage shan mai har zuwa kashi 3 cikin 100. Naka huɗun kowacce da ra'ayinta, mai faci kuma da ɗan yatsa yake auna su. Na biyu kaya. But ɗinka akwai tsohon batir, da jak biyu, da buhun masarar da ka manta tun kakar bara, kariyar saman nan kuma ko babu komai a kanta iska take tarewa. Ranar da ka ɗaure mata katifa da buhunan barkono ka kama hanyar Kano, asarar takan kai kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Na uku ƙafarka. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu, shi ya sa daga kilomita 80 a awa zuwa sama mai yake fara zurarewa. Kai kuwa da ka wuce Kwanar Dangora sai ka tuna kana da jinin mayaƙan Sarauniya Amina.

Na huɗu matatar iska. A motar zamani, in ta toshe ƙarfi kawai take ragewa, kwamfuta tana daidaita mai. A mai kafireto irin taka, ƙarancin iska yana sa ta jawo fetur fiye da kima, ga shi kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa kowa. Leƙa bakin salansarka: in ya yi baƙi ƙirin, kuɗinka ne ya zama hayaƙi. Na biyar bakanikenka, wanda ya cire tamostat ya jefar wai don kada mota ta yi zafi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa da wuri ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Ga kuma al'adarka ta tayar da mota da asuba ka bar ta tana gurnani har ka gama shan koko.

Akwai dabara ɗaya taka da ba ta wasa ba ce: kashe inji a gangara don tsimin mai. Da inji ya mutu, iskar da ke taimaka wa birki takan ƙare bayan taku kaɗan, feda ta yi tauri a daidai lokacin da tirela ta tsaya a gabanka. Wannan ka daina, don ina da sauran buƙatar bawa.

Na san abin da ya kai ka ga kwalba. Kafin 29 ga Mayun 2023 farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ya haura 500 a Arewa, kafin ƙarshen 2024 ya tsallake 1,000. Kowa ya ji a jikinsa. Amma Bakano in kasuwa ta yi zafi littafin lissafi yake buɗewa. Cika tanki fal, rubuta lambar mitar kilomita, yi zirga-zirgarka, sake cikawa, ka raba kilomitocin da litocin da ta sha. Na san mitar taka ta mutu tun zamanin Shagari, to taswirar wayarka ta auna maka nisan. Yi haka da kwalba, yi babu kwalba. Sannan a hura tayoyi, a wanke kafireto, a sa sabbin fulogai, a daidaita taimin, a sauke kariya, ka sake aunawa. Sakamakon ka kai wa malamanku na Samaru su sa hannu.

Rarar da za ta fito kuwa ka san mai ita. Watan cika-ciki yana tafe, kuɗin sharata na bara ma ba ka biya ba, sai ka haɗo duka. In kuma ka ƙi ji ka ci gaba da kwalbarka, ba komai, muna da 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa masu sikeli mai kyau. Fijon da ƙarfe ne na gaske, za ta yi nauyi, ni kuma kashi goma kawai zan cire na la'ada.

Ubangidanka,
Bakano