Wayar da ta fi lasifika tsada

A shekarar 2007 wani kamfanin Amurka mai suna Pear ya sa wa wayar lasifikarsa, Anjou, mai tsawon ƙafa 12, kuɗi dala 7,250. Waya ce zalla, babu rediyo babu lasifika. Sai James Randi, tsohon mai rufa-ido da ya koma tona asirin masu da'awar abin al'ajabi, ya ce ga dala miliyan 1 ga duk wanda kunnensa zai bambance ta da wayar kamfanin Monster ba tare da ya ga wadda aka jona ba. Aka yi ta ja-in-ja, gwajin bai yiwu ba, miliyan ta kwana a inda take.

Injiniyoyi kuwa ba su da dogon labari. Roger Russell, tsohon mai ƙera lasifika a kamfanin McIntosh, ya ce muddin turjiyar waya ga lantarki ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta lasifikar ba, shi ke nan. Wato jan ƙarfe mai kauri, kada ya yi tsawon banza.

Abin dariyar yana cikin akwatin lasifikar. In aka kwance lasifikar, siririyar waya ce a nannaɗe, mita da yawa, ita ke motsa sautin. Mai gida ya shimfiɗa wa kiɗa kwalta tun daga falo, ya iso ƙofa ya tarar da lungu.

A sayi waya mai kauri, a ɗaure bakinta tamau, ragowar kuɗin a ƙara wa lasifika.