Mu da Reslin Mai Awa Uku

A unguwarmu, in ka ga mutum ya iso teburin mai shayi ranar Talata da safe ido jajir, yana hamma yana cewa a ƙara masa ganye, ba sai ka tambayi inda ya kwana ba. Gaban talabijin ya kwana, reslin ya kalla. Shirin Raw ƙarfe takwas na daren Litinin ake fara shi agogon New York, wato ƙarfe ɗaya na dare a wurinmu, ko ƙarfe biyu in sun juya agogonsu da sanyi. Ɗora awa uku a kai, ana tashi ladan yana gyaran murya. Shekaru muka yi a haka. Mukan haɗa kuɗin man janareta, mu taru a shagon telan bakin layi, a kashe fitila saboda maƙwabta, a rage murya, a yi ta cije ihu in an ɗaga ƙato an maka da ƙasa.

To, wata Talata sai ga telan nan da kansa, shugaban 'yan kallo, ya iso garau kamar wanda ya yi barcin angwanci. Mai shayi ya dube shi ya ce, "Maigida, jiya ba a yi ba ne?"

"An yi mana," in ji tela. "Ni ne ban yi ba. Da asuba na buɗe waya, minti goma na ga duk abin da ya faru. Wallahi ban rasa komai ba."

Wannan kalma ta "ban rasa komai ba" ita ta tayar da ƙura, domin kowa a teburin ya san abin da shi ma yake yi ke nan, faɗa ne kawai bai yi ba. Mun koma 'yan tsince. A tura maka guntun bidiyo a WhatsApp, ka leƙa YouTube ka ga wanda ya dawo da wanda ya ci amanar abokinsa, shi ke nan ka shiga musu da ƙarfinka kamar kai ka riƙe wa alƙalin wasa riga. Wanda ya samu cikakken shirin ma yatsansa na kan allo, yana tura shi gaba: ya tsallake shigowa, ya tsallake surutu, ya tsallake tsakiyar faɗa, ya tsaya daidai inda ake ƙirga ɗaya, biyu, uku. Mu da a da muke mayar da kaset baya sau biyar don mu sake ganin Undertaker ya tashi zaune.

Akwai wani yaro mai cajin waya, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi kaɗai ya ƙi yarda. Ya ce, "Yaya, ku dai girma ne ya zo muku, barci ya fi ƙarfinku. Wa ya taɓa kuka don an cika masa kwano? Da awa ɗaya ake ba ku kuna roƙon ƙari, yanzu an ba ku kuna ƙorafi."

Baba, wanda ya girme mu duka, ya ajiye kofi. "Yaro, kwanon ne aka sake, miyar tana nan yadda take. Ruwa aka ƙara mata."

Malamin makarantar da ke zama da mu shi ne ma'ajin tarihinmu, kuma in ya fara ba a katse shi. Ya ce Raw da aka fara a Janairun 1993 awa ɗaya ne tak. Sai a 1997 ya koma awa biyu, kuma a cikin awa biyun nan aka yi zamanin da har gobe muke labari, na Stone Cold da The Rock da Mankind. Awa uku ta dindindin ta fara ne ranar 23 ga Yulin 2012, daren shiri na dubu ɗaya, wanda mutum wajen miliyan 6 suka kalla a Amurka. Daga nan aka yi shekara goma sha biyu ana jan ta. Kafin ƙarshen wannan zango masu kallo sun sauko ƙasa da miliyan 2 a yawancin makonni, kuma sau da yawa awa ta uku ita ce mafi ƙarancin jama'a, mutane na zamewa tun kafin babban faɗan da aka tanada.

Mai caji ya ce ai kowa ya bar talabijin ya koma waya, har masu kallon labarai. Malam ya ce gaskiyarsa, ba za a ɗora wa tsawon shiri duk laifin ba. "Amma ɗan'uwa, ka bar ni in ba ka labarin wanda ya riga su taka wannan ƙaya."

Ya kawo WCW, kamfanin da ya taɓa kai WWF, masu shirin Raw, ƙasa. Shirinsu Nitro ya fara a Satumban 1995 da awa ɗaya, ya koma biyu a Mayun 1996, suka yi mako 83 a jere suna gaban Raw wajen yawan masu kallo. Da abin ya yi daɗi, a Janairun 1998 suka mayar da Nitro awa uku, a watan kuma suka buɗe wani shirin, Thunder, mai awa biyu. Kafin Afrilu ya fita Raw ya karya musu wannan jeri. Ƙungiyar nWo da ta fara da mutum uku, Hogan da Hall da Nash, wadda in ta fito gaban kowa ke faɗuwa, aka yi ta cusa mata mutane har ta rabu gida biyu, ta zama kamar layin karɓar taki. A farkon 2000 suka koma awa biyu, amma bakin alƙalami ya bushe. Maris na 2001 aka sayar da kamfanin ga abokin gabarsa. Malam bai ɓoye ba cewa akwai wasu cututtukan: asarar kuɗi, rikicin shugabanni, da shirme irin na ɗaura wa ɗan fim David Arquette babban kambu. Sai dai ni a ganina, yawancin shirmen nan yunwar cike lokaci ce ta haife shi. Wanda aka ce kowane mako sai ya kawo abin mamaki na awa biyar, ranar da na kirki ya ƙare masa zai kawo na banza.

Mu fa mun san shiri ne. Babu wanda ke zaune a teburin nan da yake zaton gaba ce ta gaske, ko da yake faɗuwar da karayar ƙashin na gaske ne. Labari muke bi, kamar yadda iyalanmu ke bin fina-finanmu masu dogon zango. Kuma duk gidan da ake kallon waɗannan an san lokacin da marubuci ya fara jan rai: a yi sallama minti biyu, a zuba ruwa a kofi minti uku, a tuno abin da ya faru makon jiya. Reslin mai awa uku haka ya koma. A buɗe da mutum riƙe da makirfo yana magana minti ashirin, wani ya fito ya katse shi, na uku ya fito, sai a ce to ku haɗu bibbiyu a ƙarshen shiri. Tun kafin a faɗa mu mun faɗa. A nuna maka abin da ya faru, a tafi talla, a dawo a sake nuna maka shi. Mutum biyu su kara wannan mako, su sake karawa mako mai zuwa, da na bayansa, sannan a ce ka zo ka ga karawarsu a babban wasan ƙarshen wata. Me ya rage ban gani ba?

Tela ya ce shi abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda aka kashe masa kwarjinin gwanaye. "Ido wa ka raina? Wanda kake gani kullum. Da, in kiɗan mutum ya tashi sai tsigar jikinka ta tashi. Yanzu sau uku zai fito a dare ɗaya."

Nan mai shayi, mutumin Nijar ne, ya tsoma baki yana fifita wuta. Ya ce a ƙasarsu kokowar takobi sau ɗaya ake yi a shekara. Jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokowarta goma, a yi kwanaki ana gwabzawa, ƙasa duka ta tsaya cik, mai rediyo ya manna a kunne, mai talabijin ya fito da ita waje. In an naɗa sarki, shekara guda ake yi ana taunar zancen. "Alhaji, da kowace Litinin Issaka Issaka yake shiga fili, wa zai rufe shago dominsa?" Babu wanda ya amsa, don babu amsa. Ƙwallon Ingila ma da muke hauka a kanta minti casa'in ce, wasa 38 kowace ƙungiya, a tafi hutu a watan Mayu a bar mu da ƙishi har Agusta. Reslin ba ya hutu. Mako 52 a shekara, babu damina babu rani.

Su kansu masu abin sun san da haka. Dubi Roman Reigns, wanda ya riƙe kambu kwana 1,316 kafin Cody Rhodes ya karɓe a Afrilun 2024. A shekarunsa na ƙarshe da kambun ba kowane mako yake fitowa ba, faɗa kuwa sai a yi watanni bai yi ba. Mun yi ta zaginsa a teburin nan muna cewa sarkin hutu. Amma ranar da aka ce zai fito, shagon tela ba ya ɗaukar mu. Kuma labarin gidansu na Bloodline, wanda ya fi komai daɗi a shekarun nan, a shirin SmackDown aka gina mafi yawansa lokacin yana awa biyu. Triple H ma, ɗaya daga cikin masu tafiyar da kamfanin, da aka yi hira da shi a shirin Stone Cold a 2015, ya nuna da son ransa ne da Raw ya koma awa biyu, don rubuta awa ta uku aiki ne mai wuya. Shekaru kuma ana sa wa masu kallo a Hulu wani Raw da aka tace zuwa minti casa'in. Wanda ya iya zubar da kaso mai yawa na kayansa ba a ji ciwo ba, ai ya gaya maka abin da ke cikin buhun.

Mai caji bai miƙa wuya ba, kuma hujjarsa ta ƙarshe tana da nauyi. Ya ce in lokaci ya yi kaɗan manya ne za su cinye shi, ƙanana da mata su tashi a tutar babu. Ya ce ba don fili ya yalwata ba, yaushe irin su Kofi Kingston ɗan Ghana, ko namu Omos da Oba Femi, za su samu a gan su? Na ji wannan magana har raina, don daren da Kofi ya ɗauki kambu a WrestleMania ta 2019 har da masu hawaye a shagon tela. Amma Malam ya tuna masa cewa a Fabrairun 2015, a cikin shirin nan mai awa uku, faɗan mata huɗu bai wuce rabin minti ba, har sai da masu kallo suka yi bore a intanet kafin a fara ba su muhimmanci. Ashe fili yana nan, niyya ce babu. WrestleManiar da Kofi ya yi nasara kuwa ta haura awa bakwai in an haɗa da share fage, har faɗan mata na farko da ya taɓa rufe taron, na Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair, ya faɗo bayan sha biyun dare, jama'a sun gaji liƙis. Daga 2020 aka raba taron dare biyu.

To me ya sa ba a ragewa? Baba ya murza yatsu biyu. Tashar talabijin ce ke son awa ta uku don ta sayar da talla, kamfani kuma a biya shi. An ruwaito cewa tashar USA ta riƙa biyan wajen dala miliyan 265 a shekara saboda Raw daga 2019 zuwa 2024, Netflix kuma ta ɗauke shi daga Janairun 2025 a kan kimanin dala biliyan 5 na shekara goma. Wa zai ajiye wannan don tela ya samu barci? A ƙarshen 2023 mun taɓa zama muka ƙirga: Raw uku, NXT biyu, SmackDown biyu, ga na kamfanin AEW, Dynamite biyu, Rampage ɗaya, Collision biyu. Awa goma sha biyu a mako, ban da manyan wasanni. Mai iyali da sana'a ina zai kai wannan?

Abin da ya sa nake da yaƙini shi ne mun ɗanɗana. Daga Oktoba zuwa Disambar 2024 Raw ya koma awa biyu, kuma a watannin nan uku shagon tela ya sake cika. Ana farawa ana shiga magana, ba ka isa ka fita neman ruwa ba, a tashi kana cewa kai, har an gama? Wannan "har an gama" ita muka yi shekaru ba mu furta ba. Da SmackDown ya koma awa uku a Janairun 2025, cikin 'yan makonni yatsunmu suka koma kan allo.

Mai caji ya miƙe zai buɗe shago, Baba ya kira shi. "Yaro, tsakaninka da Allah, jiya ka kai ƙarshe?" Ya yi murmushi ya sosa ƙeya ya ce barci ya ɗauke shi wajen ƙarfe uku, da safe ya ƙarasa a waya. Teburi ya kwashe da dariya, mai shayi ya ƙara masa madara kyauta.

Ni dai ina tare da tela. Ina son wasan nan tun ina zama a ƙasa gaban talabijin ɗin maƙwabta, kuma ina jin zafin yadda ya koma abin da muke tsallakewa. Awa biyu ta ishi kowane shirin mako, gwanaye kuma a riƙa ɓoye mana su har mu yi kewarsu. Kafin a yi haka, mun yanke a teburin nan cewa man janaretanmu na Royal Rumble ne da WrestleMania, sauran kuwa a turo mana a waya.