Masu Leƙen Kwanon Maƙwabci

In kana son ganin yadda ɗan Adam ke auna kansa da ɗan'uwansa, ba sai ka je kasuwar Terminus ba. Ka zo majami'armu a Jos ran Lahadi, ka nemi bencin baya ka zauna.

Tun daga ƙofa za ka ci karo da na farko. Da wuri yake zuwa, amma ba ya shiga sai ya gama ƙidayar motoci. Ya san wanda ya sauya taya, ya san wanda ya tashi daga Tudun Wada ya koma Rayfield. Ran da wani dattijon ikkilisiya ya zo da sabuwar Toyota, mutumin namu ya koma gida ya ce kada a zuba masa tuwo, wai cikinsa ba daɗi. Sarki Ahab ma haka ya yi. Ga sarauta ga fada, amma 'yar gonar inabin Nabot ta sa ya kwanta ya ƙi abinci. Sa'ar da muka ci, matar wannan ba Yezebel ba ce. Ta raba wa yara tuwon, ta wanke kwano.

Sai iyayenmu na Zumuntar Mata. Amfanin anko ai shi ne mai shi da marar shi su fito iri ɗaya: atamfa ɗaya, yadi shida-shida. To amma akwai tela. Wata za ta kai nata a jera masa duwatsu har wuya, wata kuma ta tare ta bayan sujada, baki har kunne: "Mama, wa ya yi miki ɗinkin nan? Kai, ya karɓe ki!" Tana yabo, yatsunta na murza bakin zanen suna ƙiyasta kuɗin aiki. Litinin da sassafe tana shagon telanta tana zazzaga masa masifa, alhali jiya da safe ita da kanta ta ce ɗinkin ya yi.

Lokacin ba da shaida kuwa, nan ake yin ta. Wani zai karɓi makirufo ya ce a taya shi gode wa Ubangiji, sa'an nan ya faɗi sunan ƙasar da ɗansa ya samu biza, da kuɗin jirgi, da sunan jirgin. Jama'a su amsa da "Amin", wasu daga zuci, wasu daga haƙori. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta zo da shaidar cewa ɗanta ya tashi daga zazzaɓi. Har ta ɗaga hannu, da ta ji zancen biza sai ta mayar da shi ta gyara ɗankwali. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da sauran. Misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 20 ke nan: ma'aikatan da aka ɗauka tun asuba sun yarda da dinari guda, kuma dinari guda aka ba su, ba a rage ko anini ba. Da a asirce aka biya kowa, da sun tafi gida suna murna. Tsayawa a layi ne ya cuce su, suka ga abin da aka sa a hannun masu aikin awa ɗaya.

Matasa nasu a waya yake. Hoton abokin makaranta a Ingila cikin dusar ƙanƙara ya isa ya hana mutum barci, kallon kitse ake wa rogo. Fastoci ma in sun haɗu, bayan gaisuwa sai ka ji, "Baba, ku nawa ne yanzu a sujadar safe?"

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne gwanin wadar zuci. "Ni kam abin duniya bai dame ni ba," in ji shi, sa'an nan ya lissafa maka farashin duk abin da bai dame shi ba, har da kuɗin fito. Yana son ambaton Manzo Bulus, amma yana tsallake wuri biyu: daga kurkuku Bulus ya rubuta wa Filibiyawa, kuma cewa ya yi koyon wadar zucin ya yi, cikin ƙoshi da cikin yunwa. Shi namu gasa ya mai da ita, kuma kullum shi ke zuwa na ɗaya.

Duk wannan daga bencin baya na tattara shi, ina jin daɗin cewa ni dai ba na cikinsu. Ana cikin sanarwa sai sakatare ya ce wani yaron da na koyar a makarantar Lahadi ya buga littafi, za a ƙaddamar ran Asabar. Na tafa tare da kowa. Da aka tashi na kama hannunsa na sa masa albarka, sai na ji bakina yana tambaya, "Ɗana, kwafi nawa aka buga?"