Masu Tele Mai Doro a Safo

A Safo ba a jefar da tele. Mutum zai sayar da akuya, ya yafe bashin taki, ya ba da aron amalanke har ya manta wa ya ba, amma tele mai doro, wannan mai ƙaton baya da ke cinye rabin tebur, ko ya mutu tun zamanin mulkin Ba'are yana nan a ɗaki an lulluɓe shi da zane. An ce a Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin tele da gangan, suna zuba kuɗi, suna jera su a kanta suna gogewa. Mu nan ba wanda ya yi niyyar tara komai. Kowa dai ya ƙi rabuwa da nasa, har aka wayi gari ƙauyen ya zama gidan tarihi marar mai gadi. Na zauna da masu wannan kaya a teburin mai shayi da wurin suna da zaman makoki, na lura kowa halinsa na tafiya da markar akwatinsa.

Babbansu shi ne Alhaji ɗan National. Ya riƙi National yadda wasu ke riƙe ɗariƙa. Rediyonsa National, fankarsa National, dutsen gugar gidansa National, telen kuwa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano ya ɗauko shi a kan cinyarsa, ya ƙi yarda a ɗora shi saman mota. Wata rana wani jikansa ɗan lakwal ya gaya masa cewa National da Panasonic gida guda ne, na Matsushita da ke Osaka a Japan, kuma a 2008 kamfanin ya ajiye tsohon sunan ya koma Panasonic gaba ɗaya. Alhaji ya dube shi ya ce, "Yaro, in gida guda ne, mi ya sa suka sake suna? Mai gaskiya ba shi sake suna." Daga ranar ba a ƙara ta da zancen ba.

Abokin hamayyarsa ɗan Sony ne, kuma shi jinin sarauta yake ji. Ba ya cewa "telena", sai dai "Trinitron ɗina", yana jan kalmar kamar sunan unguwa a Makka. Gaskiya kam yana da abin taƙama. Tun 1968 da Sony ta fito da irin wannan kwalba, hotonta ya fi na saura haske, shi ya sa ko a gwanjo kuɗinta daban ne. Illarsa nauyi. Ranar da damina ta rushe masa bangon ɗaki, sai da ƙarti huɗu suka fitar da inci 29 ɗin nan, ɗaya ya kwana biyu yana shafa man zafi. In ka zura ido a gilashin za ka ga wani siririn layi ya gitta kamar gashi. Baƙo ya ce ai tsagewa ya yi, mai shi ya ce hatimin kamfani ne. Mai shi ya fi kusa da gaskiya, don waya ce ƙarama da ke riƙe da ragar da ke ciki kada ta yi rawa, kuma na jabu, wanda aka sauya wa harafi guda a suna, ba ya da ita. Abin dariyar, a waccan shekara ta 2008 Sony ma ta daina ƙera Trinitron. Tsofaffin nan biyu da suka shekara ashirin suna musu a kan tabarma ɗaya, shekara guda suka zama marayu, ba wanda ya yi wa ɗan'uwansa gaisuwa.

Wanda na fi tausayi, kuma ya fi kowa yawa, shi ne ɗan iyaka. Daga nan ka bi ta Ɗan Isa ka faɗa Jibiya, sai Katsina. Lokacin da naira ta yi araha ya je ya sayo sabon tele mai kala, ya sha fama da 'yan duwan, ya iso gida aka taru har da maƙwabta. Aka kafa eriya a kan doguwar gora, aka kamo Télé Sahel. Hoto ya fito fari da baƙi, mai labarai na ta motsa baki, murya kuwa sai shuuu kamar ana zuba gero a buhu. Aka ce an cuce shi. Ba wanda ya cuce shi, Turawan mulki ne suka bar mana gado. Najeriya ta bi tsarin PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙiro a kamfanin Telefunken na Jamus. Nijar ta bi SECAM na Henri de France, kamar akasarin ƙasashen da Faransa ta raina. Yadda kowanne ke aiko da kala daban ne, kuma inda suke ajiye murya a cikin zangon tasha ma ba ɗaya ba. Hausa ɗaya ake yi a Katsina da Maraɗi, dangi ɗaya, tuwo ɗaya, amma telen Katsina in ya ƙetaro sai ya kurumce.

Ɗan iyaka bai karaya ba. Lokacin kokowar ƙasa sai ya ɗora rediyo a kan telen, ido na kallon fili, kunne na wurin Muryar Sahel, wani lokaci a kayar da mutum a rediyo alhali a hoto yana tsaye yana ɗaura laya. Daga baya ya ƙaro na biyu daga Maraɗi. Ɗaya na Yazi Dogo da kokowa, ɗaya na Samanja da Karkuzu in iska ta yi kyau. Ga kuma yaron da aka ɗora wa aikin juya gora a waje, ana yi masa ihu daga ɗaki, "Ya yi! A'a, koma! Tsaya nan, kar ka motsa!" Akwai magidanta a garin nan yau da ba su taɓa ganin ƙarshen wasa ko ɗaya ba, don suna riƙe da gora. Da masu kama tsari biyu suka shigo, sai ya ƙaro na uku, kuma bai fitar da ko ɗaya ba. Shi ne ya fi kowa tarin tele a Safo, kuma in ka kira shi mai tarawa sai ya yi fushi.

Akwai ƙanensa a hali, mai shaida. Wannan zai dafa akwatinsa ya rantse cewa a cikinsa ya ga Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi a Tawa. Kantu ya ɗauki takobin kam, a 1975, a gasar kokowar ƙasa ta farko. Sai dai telebijin ta ƙasa ba ta fara watsa wa jama'a shiri ba sai wajen 1979, zamanin mulkin Kunce. Na taɓa gaya masa haka. Ya ce to nasa telen tun can yana da ƙarfin kamu.

Sai Mushe mai ritaya. Nasa Thomson ne na Faransa, ga wani Grundig na Jamus mai jikin katako da ƙofofi biyu da ake ja kamar na kabad. Takardar saye tana cikin leda, ledar tana cikin littafi. Ba a gama gaisawa da shi ba tare da ya tuna maka cewa Nijar ta fara telebijin ne da koyar da yara a lakwal tun 1964, ba da raye-raye ba. Irin akwatinsa babu shi a duk Madarunfa, wannan gaskiya ne. Sai dai ya fi shekara ashirin bai kunnu ba, don abin da ya ƙone a ciki ba mai shi a Maraɗi, ba mai shi a Kano. A wurin Mushe na gane cewa ƙarancin tele iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai wanda tun farko kaɗan aka shigo da shi, akwai kuma wanda ya shigo da yawa zafi da ƙura suka gama da danginsa. Mai ƙarko ba ya ƙaranci, kowane gida ka shiga ga shi nan yana kallonka. Mushe ya ce wannan magana ce ta wanda bai yi karatu mai zurfi ba.

In kana son hukunci na gaskiya a kan marka, je wurin mai gyara a Maraɗi. Shagonsa maƙabarta ce, akwatuna kan akwatuna har rufi, kowanne da sunan mai shi da alli, masu su sun ce "gobe in dawo" tun kafin a haifi yaron shagon. Ba ya zagin marka, ba ya yabonta. A ganinsa masu kisan tele biyar ne: ƙura, zafin bazara, wutar da ke tafiya ta dawo da ƙarfi, tsawar da ke bin eriya, da kyankyasai. Ya fi son ƙaramin Sharp inci 14 da GoldStar, wanda ya koma LG a 1995, ba don komai ba sai don in ɗaya ya mutu ana samun gawar ɗan'uwansa a ciro abin da ake so. Shi ne kuma ya warware mini sirrin masu mari, mutanen nan da in hoto ya ɗauke sai su ɗaga hannu su zabga wa akwatin a gefe, hoto ya dawo, su dubi jama'a kamar sun yi karatun injiniya. Ya ce dalmar da aka liƙe ƙafafun kayan ciki ce ke tsagewa saboda zafi da sanyi, mari ya sa ta haɗu na ɗan lokaci. Aikin minti goma ne da ƙarfen liƙi. Amma mai mari ba ya kawo gyara, don in aka gyara, girmansa a gida ya tafi.

Baƙin da suka fi tayar da ƙura su ne masu neman jar zaiba. Sukan zo biyu-biyu a kan babur, su yi sallama ƙasa-ƙasa, su tambaya ko akwai tsohon tele ko rediyo mai katako. Wai a ciki akwai wani jan ruwa da ake saye da miliyoyi. A 2009 irin wannan jita-jita ta sa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suka yi tsada a Saudiyya, daga baya ta zagayo ta faɗa kan tele. Babu wata jar zaiba. Abin da ke ciki jan ƙarfe ne a naɗe, da gilashi mai dalma, da wutar da kan kai volt 25,000 a tele mai kala, wadda takan kwana a kwalbar ko an cire waya. Wani maƙwabcinmu da ya ji labarin ya ce ashe shi ne kazar da ta kwana kan dami. Ya kulle ɗaki ya buɗe nasa da almakashi cikin dare. Ba mu ji abin da ya samu ba, mun dai ji ƙararsa. 'Yan gwangwan ne suka ci ribar, suka saye ɓaraguzan a kilo.

Ni ma ba zan fitar da kaina ba. A ɗakin Inna akwai ƙaramin fari-da-baƙi na marigayi Baba, mai aiki da batirin mota volt 12. Da shi aka yi kallon duniya a tsakar gidanmu, kuma in batir ya fara sanyi sai hoton ya riƙa tsukewa, mai labarai ya gajarce, ya koma wada, ya ɓace ya bar ɗigon haske a tsakiya. Kwanan baya wani ɗan ƙanwata mai waya a hannu kullum ya zo da labari. Ya ce Turawa masu wasannin bidiyo na da suna neman tele mai doro ido rufe, don wasannin a kansa aka tsara su, a na bango ba sa kyau. Zai ɗauki hoto ya sa a intanet, in an saya mu raba. Na tambaye shi wa zai biya kuɗin kai shi Turai, ya ce, "Kawu, kai dai bari a fara ganin farashi."

Muka shiga wurin Inna. Telen na nan a kan tebur, an ɗora masa tasoshi uku da kwalla, gilashin na sheƙi don kullum ana goge shi. Bayansa kuwa tuni ya ɓalle, kayan cikin ma rabi ba su nan. Na ce, "Inna, yaron nan na son ya ɗauki hoton telen Baba, wai akwai masu saye." Ta ce ba ta hana ba, amma kar wanda ya matsa kusa, kaza ce ke kwanci a ciki, kwananta tara. Mu dawo bayan kwana sha biyu.