Wa'azin Bayan Mota

Mu dai ba mu iya ganin wuri fayau mu ƙyale shi ba. Yaro ya karɓi A Daidaita Sahu, ko da na biyan balas ne kullum, kafin ya kai wa mahaifiyarsa ta sa albarka ya riga ya biya ta wajen mai fenti. Bayan wannan "Mahaƙurci Mawadaci", bayan wancan "Allah Ya Ba Ku Mu Samu", tifar yashi kuma ta taho tana hayaƙi da "Hassada Ga Mai Rabo Taki Ce". Ka tsaya a Bata ko Unguwa Uku lokacin cunkoson yamma, ka sha wa'azi kyauta. Shi kansa sunan keken ai kiran liman ne, wanda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ara wa shirinta na gyaran tarbiyya a 2004.

Zancen da ya riƙe majalisarmu ke nan bayan Isha'i. Dattijonmu ya ce alamar tsoron Allah ce, tun zamanin manyan motocin katako haka direbobi suke.

Mai shayi ya ajiye buta. "Baba, a gafarce ni, rabinsu habaici ne. Wanda ya rubuta hassada taki ce, akwai wanda yake nufi, kuma a layinsu yake."

Tela ya ce ai sai ka leƙa WhatsApp. Amarya ta ɗora "Zakaran da Allah ya nufa da cara", ba ta ma ƙarasa ba. Kafin Azahar uwargida ta mayar da "Komai nisan jifa". Gida ɗaya, tukunya ɗaya, babu wadda ta kira sunan wata, maigida kuma yana kasuwa yana dannawa yana gumi.

Ni ina bayan mai shayi, amma ba duka ba. Magana ba ta kama mu don sabuwa ce, sai don ta same mu a kan gaɓa. Sau nawa ka ce wa wani "sai haƙuri" a zaman makoki, bakinka na faɗa, hankalinka na wajen takalminka? Ran da kai ne a kan tabarmar, wani tsoho ya riƙe hannunka ya faɗi kalmomin nan biyu, sai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi, kamar yau aka fara furta su. Haka direban da ya wuni bai haɗa balas ba: "Mahaƙurci Mawadaci" da ke bayansa kansa yake rarrashi da ita, mu masu bin sa a baya tsinta kawai muke yi.

Inda muke ɓata rawarmu shi ne jingina magana. A samo zance mai daɗi, a manna hoton Sardauna ko Malam Aminu Kano, a tura. Na farko ya rasu a 1966, na biyu a 1983, amma kowane mako sai sun yi sabuwar magana a wayoyinmu. Wannan da sauƙi. Wanda aka rubuta wa "hadisi" a sama shi ne abin tsoro. Don Allah, jama'a, kafin ku tura wa mutum goma, ku fara kai wa malamin unguwa ya duba.