Hannun Dama da Hannun Hagu

A shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, abin da aka fi sani da UPE, yara suka yi ta kwarara makarantu har azuzuwa suka gaza aka koma gindin itatuwa, aka kuma shiga neman malamai ruwa a jallo, ta yadda saurayin da jiya-jiya yake zaune a benci yau sai ka gan shi riƙe da alli ana ce masa Malam. Cikin wannan hali aka turo wa makarantarmu, a wani ƙauye na ƙasar Katsina, wani saurayi siriri mai yawan kunya, wanda da zarar ya juya yana rubutu a allo sai aji ya kaure da surutu. Hedimasta kuwa, da ya dubi furfurata da daɗewata a wannan aiki tun zamanin En'e, sai ya danƙa mini amanarsa, ya ce in nuna masa makamar aiki.

Na karɓi amanar da hannu biyu, domin a ra'ayina, wanda har gobe ban sake ba, kwalejin horon malamai takarda kurum take ba mutum, amma ita karantarwa sai an karɓe ta daga bakin wanda ya riga ka, kamar yadda almajiri ke ɗaukar karatu a zaure da sanadinsa. Saboda haka na ɗauko littafin shirin darasina, wanda na rubuta ina saurayi, gara ta ci gefensa, na ba shi ya kwafa harafi bi harafi. Da ya iso babin lissafi ya ɗago kai cikin ladabi ya ce, "Allah gafarta Malam, ai nan fam da sule ne, alhali tun 1973 aka koma naira." Na fahimtar da shi cewa yaron da ya san taro kwabo uku ne, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, fam sule ashirin, naira ba za ta gagare shi ba, don lissafin goma-goma na malalata ne. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwafa.

Ana nan sai labari ya zo cewa mai duba makarantu na tafe ran Talata. Saurayin nan ya kasa cin abinci. Tausayinsa ya kama ni, na ja shi bayan ofis na buɗe masa sirrin da ba a rubuta shi a littafi: in ya yi tambaya, kowane yaro ya ɗaga hannu, wanda ya san amsa ya ɗaga na dama, wanda bai sani ba ya ɗaga na hagu, shi kuwa ya zaɓi na dama kaɗai. Ya tambaye ni ko wannan ba ha'inci ba ne, na ba shi fatawa cewa hila ce, tun da babu yaron da ya furta ƙarya da bakinsa. Mun sha wahala kafin yaran su rarrabe hannun cin tuwo da ɗan'uwansa, amma ban zarge su ba, ganin ƙasar kanta sai a 1972 ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, direbobi manya ma sun ruɗe.

Ran Talata da hantsi babur ya tsaya, mai shi ya cire hular kwano, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ashe tsohon ɗalibina ne! Na ce a raina magana ta ƙare. Muka zauna a bayan aji, saurayina ya gyara murya ya fara: "Wani mutum ya sayi akuya sule goma sha bakwai da sisi..." Sai na ji daga gefena an ƙarasa, "...ya sayar da ita fam guda da taro, ribarsa sule biyu da nai. Allah gafarta Malam, ashe akuyar nan tana nan da ranta?"

Daga nan ya miƙe ya karɓi alli, ya jefa tambaya, hannuwa suka tashi gaba ɗaya abin sha'awa, shi kuwa bawan Allah ya bi na hagu ɗaya bayan ɗaya yana tayarwa, ko sau ɗaya bai kuskure ya taɓa na dama ba, har wata yarinya ta fashe da kuka, ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ai Baba Malam ya ce mai hagu ba a tambayarsa!" Ya lallashe ta, ya ce ta yi haƙuri, shi ma duk zamansa a ajina na hagu yake ɗagawa.

Rahoton da ya rubuta ya yaba wa sabon malami kyan rubutu da biyayya ga magabata, sa'an nan ya ba da shawara cewa kowace Litinin in riƙa kai wa saurayin littafina yana dubawa yana mayar da kuɗin naira. Hedimasta ya zartar. Saurayin ya yi aikin cikin ladabi, yana ba ni haƙuri a kowane shafi, ya mayar da kuɗin akuya naira ɗaya da kwabo saba'in da biyar, ya sayar da ita naira biyu cif, taron nan kuwa da mutumin ke samu a kai tun ina saurayi, har na yi ritaya ba a gaya mini wanda ya ci shi ba.