Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jakar Gana-Mas-Go Da Ke Saman Sif

Zuwa ga Hajiya Gana-Mas-Go,
Ma'ajin Gida,
Saman Sif, Uwar Ɗaka,
Kano.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin kwana lafiya a inda kika faɗo. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannu ɗaya nake yi, ɗayan yana dafe da tsumma mai ruwan sanyi a goshina. Dalili ba sai na gaya miki ba, tunda a gabanki aka yi, kuma ke kika yi.

Amma saboda masu karatu, bari in warware. Jiya bayan isha'i autana ya tuna, irin tunawar yara wadda ba ta zuwa sai an yi shimfiɗar barci, cewa malaminsu ya ce kowa ya zo da takardar haihuwarsa da safe. Ina miƙewa aka ɗauke wuta. Na kunna fitilar waya na cije ta da haƙora, na taka kujera 'yar tsugunno, na yi ɗage, na kama hannunki cikin girmamawa na ja. Hannun ya taho, ke kika yi zamanki. Ina riƙe da shi ina salati, sai kika sake shawara kika biyo bayansa. Ashe dutsen gugan gawayi da na yi shekara huɗu ina zargin 'yar aiki da ɗaukewa yana kwance a cikinki, shi kika turo gaba ya gaishe ni. Daga falo Abban yara ya ɗaga murya ya ce, “Me ya fashe?” Bai ce wa ya ji ciwo ba. Wannan shari'a ce daban, za mu yi ta ni da shi.

Zif ɗinki, wanda tun bara ya ƙi buɗuwa ya ƙi rufuwa, jiya ya saki baki gaba ɗaya, kika amayar da komai a tsakar ɗaki. Na zauna dirshan ina haska abin da kika haɗiye. Anko tara, kowanne sawa ɗaya aka yi masa, biyu daga ciki auren ma ya mutu atamfar tana nan da ƙarfinta. Butar roba uku da kofuna bakwai masu hoton amarya da ango. Kalandar 2016. Cajojin wayoyin da suka daɗe da mutuwa. Takalmin yaro ƙafar hagu, wanda na zubar da ɗan'uwansa bayan na gaji da nema. Rimot ɗin talabijin da aka sayar. Takardar haihuwa kuwa, ko ƙanshinta.

Sai wata safa da na ji ta yi tauri. Na zazzage, ga bandir guda na sababbin 'yan ɗari-ɗari, naira dubu goma cif, da na canzo don liƙi a wani bikin da ban samu zuwa ba. Hajiya, ki tuna farkon 2023, bayan an sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo. 'Yar ɗari, wadda sauyin bai shafa ba, ta zama zinariya. Ni ce a layin banki tun asuba. Ni ce nake lallaɓa mai POS yana yankar ladansa son ransa. Ni ce na yi wa mai kayan miya taransifar naira ɗari uku, muka tsaya ni da shi muna jiran alat kamar masu duban watan Sallah. Duk wannan kina sama kina kallona da dubu goma a ciki, ko tari ba ki yi ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma naki riƙon sirrin ya wuce amana ya zama mugunta. A wancan lokacin, da kuɗin nan sun cika kwandon cefane. Yau 'yar leda ta ishe su.

Na san tarihinki, kada ki zaci ban sani ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Najeriya. Mutanen Gana kusan miliyan guda suka tattara abin da hannu zai iya ɗauka suka nufi iyaka, a cikinki suka zuba abin da suka tara, daga nan sunan ya manne miki. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Gana ta yi wa baƙi irin wannan kora, 'yan Najeriya da yawa, har da Hausawan zango, suka dawo gida da ƙunshin kaya a ka. Wannan tarihin hawaye ne, ba na wasa da shi. Abin da nake cewa, sunanki ma tafiya yake nufi. Ke jakar mai gaggawa ce, ta tasha da bayan mota. To, yaya aka yi kika shigo gidan nan ranar da muka tare, shekara goma sha ɗaya ke nan, aka ce a ɗora ki sama “kafin a samu lokaci”, kika mayar da saman sif gadon sarauta? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ke kuwa raɓar da ta zama kududdufi. Har kin hayayyafa: uku a saman sif, biyu a ƙarƙashin gado, ɗaya a bayan ƙofa, wadda ta sa kowa a gidan nan ya koyi shiga ɗaki a karkace.

Ƙulun goshi zai sace nan da kwana uku. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda kika yi shekara da shekaru kina sa ni ina ɗaukar kaina mace mai tsari. Duk ranar da aka ce dangin miji suna hanya, minti goma ya ishe ni. In kwashe duk abin da ke yawo a ɗaki in danna miki, in hau ki da gwiwa, in ja zif, in sa turaren wuta. Baƙi su shigo su ce, “Kai, ɗakin nan tas!” Ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi kamar gaske. Akwati yana da kunya, in ya cika sai ya ƙi rufuwa. Drowa ta san iyakarta. Ke ba ki taɓa cewa kin ƙoshi ba, sai dai ki ƙara kumbura ki ce a kawo. Shi ya sa ban taɓa zama na yanke wa wani abu hukunci ba, a bayar, a gyara ko a zubar. Kowane tarkace in ce wata rana zai yi amfani, ke kuma ki ce amin.

Kuma da kuɗina kike wannan wasa. Ina da littafin kasafi mai jan bango, duk ƙarshen wata in zauna in raba albashi: haya, kuɗin makaranta, adashi, gas, katin mita, cefane. Babu layin da ke ɗauke da sunanki, amma kina cikin manyan masu ci. Duk hunturu sai na je Ƙofar Wambai na zaɓo wa yara rigunan sanyi na gwanjo, saboda na bara suna cikin ɗayarku, ku kuwa kamarku ɗaya, ja da fari da shuɗi, kamar an yi muku anko. Kafin in gano wadda ta haɗiye su, sanyi ya wuce, yaro ya ƙara tsawo. Jiya a cikinki kaɗai na ƙirga rigar sanyi goma sha huɗu da gidan sauro uku a ledarsu. Ɓarawo ma sau ɗaya yake ɗauka ya gudu. Ke ki ɗauka, ki zauna a gidan, ki jira in sake saye, ki sake ɗauka.

Sauran ba zan ja su ba. Kyankyasai sun mayar da ke gidan haya. Da damina kina shafa wa atamfa fumfuna. Kin tsufa kina zubar da farin gari kamar mai amosani. Na kuma ji labarin aikin dare da kike yi wa 'yan siyasa: su kina kai musu kuɗi, ni kina ɓoye mini nawa.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ɗaki ɗaya gare ta. Tufafin fita a adudu, na ajiya a kwalla an ninke su da turare, ƙore a ragaya, tasoshi a jere bisa girmansu. In ta aike ka ɗauko allura cikin duhu za ta ce hannun dama, kwalla ta biyu, ƙarƙashin kallabi, kuma nan za ka same ta. In sabon zane ya shigo, tsoho ya fita zuwa ga mai buƙata kafin Juma'a. Ni da na yi boko, ga sif ga drowa ga kabad ga ku shida, takardar haihuwar ɗan da na haifa ta gagare ni.

Ƙanwata mai yawan latsa waya ta ce in bi tsarin wata 'yar Japan, Marie Kondo, wai in ɗauki kowane abu in tambayi zuciyata ko yana faranta mini, in ba ya yi in gode masa mu rabu. Na gwada da butar biki. Ba ta faranta mini ba, amma uwar amaryar tana zuwa gidan nan, kuma takan nemi buta. Ita Kondo ɗin ma da ta haifi na uku ta fito ta ce ta sassauta. Ni biyar gare ni.

Ke! Wai ma mene ne nake ta “ranki ya daɗe”? Ai daɗewar da ran naki ya yi ce ta kawo mu nan! Buhu ce ke fa, buhun da aka sa wa zif ya ɗauki kansa akwati. Kin sa na ɗauki alhakin yarinyar mutane, yanzu sai na nemo uwarta na roƙi gafara. Kin sa na yi kwana biyu ba na yi wa miji magana a kan rimot. Kin sa na zubar da takalmi mai lafiya. Na san za ki ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba ki da ƙafar ɗauko kaya, hannuna ne ya zuba. Ban musa ba. Amma ki bari sai goshina ya daina zugi mu yi maganar adalci.

Ga sanarwa. Na ba ki mako biyu, ke da 'yan'uwanki biyar. Daga ranar Asabar za a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a zazzage ku ɗaya bayan ɗaya. Anko da rigunan sanyi na ƙauye ne, ƙarafa da cajoji na 'yan jari-bola, takardu kuma su shiga fayil ɗaya mai suna a rubuce, a ajiye inda hannu ke kaiwa ba sai an taka kujera ba. Abu mai nauyi ba zai ƙara kwana a saman kan mutum a gidan nan ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wannan karon har rabawar za a yi.

Taki cikin zugi,
Matar gidan, mai ƙulu a goshi.

Ƙari: An samu takardar. Da asuba Abban yara ya zaro ta daga jakarsa ta ofis, inda take tun rajistar bara. Shari'arsa ta zama biyu ke nan. Sannan na duba kayan da za a kai ƙauye na ga ba leda ce za ta ɗauke su ba, don haka na aiki babban yarona kasuwa ya sayo jaka ɗaya babba mai ƙarfin hannu. Na gaya masa ta tafiya ce kawai. In ta iso, don Allah kada ki nuna mata hanyar saman sif.